Alam 086 a injin milin mai Fanuc 0i: inji da kwamfuta sun ƙi magana

Tanan Sharaɗa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san Fanuc. Maigidana ya sayo injin milin na hannu, kwantirola ɗinsa Fanuc 0i-MC ne. Injin lafiyarsa ƙalau, idan na buga furogiram da hannu yana yanka yadda ake so. Matsalar ita ce mun karɓi aikin mol na roba, wato mazubin da ake zuba roba a ciki, furogiram ɗin da kwamfuta ta fitar ya fi ƙarfin a buga shi da yatsa, ya ma fi ƙarfin ma'ajiyar injin. Na sayo kebul ɗin RS-232, wato wayar da inji da kwamfuta suke magana ta ciki, mai baki 9 (baki mai fil tara) a gefe ɗaya da baki 25 a ɗayan, na haɗa da laftof ta adaftar USB. Ina EDIT, na danna READ don injin ya karɓa, na danna EXEC, nan take sai alam 086. Na gwada PUNCH, wato injin ya aika, shi ma 086. Wani ya ce mini bod ɗin injin ne ya ƙone. Gaskiya ne? Maigida ya fara maganar kiran mai gyara daga Legas.

Injiniyan Kakuri: Wa alaikumus salam. Ka ce wa maigida ya dakata tukuna. 086 ba ya nufin bod ya ƙone. Abin da yake nufi shi ne injin ya duba fil na 6, wanda Fanuc ke kira DR, bai ga wuta a kai ba, sai ya ɗauka babu kowa a ɗaya bakin wayar. Ko harafi ɗaya bai kai ga aikawa ko karɓa ba. Saboda haka kada ka taɓa baud, wato saurin aikawa, kada ka taɓa manhaja. Kebul ne abin tuhuma na farko.

Ɗauki mita ka sa ta a saitin da take ƙara idan waya ta haɗu, ka faɗa mana: fil na 2 na baki 25 yana zuwa fil na nawa a baki 9? Fil na 3 fa? Fil na 6 fa?

Ɗan Bompai: Kafin komai, ka duba I/O CHANNEL a shafin SETTING, inda ake zaɓar ƙofar da injin zai yi magana ta ciki. Idan mai injin na farko yana aiki da katin ajiya ne, za ka tarar da 4 a wurin.

Tanan Sharaɗa: Na duba, 0 ne. Injiniya ga abin da mita ta ba ni: 2 na baki 25 yana zuwa 3 na baki 9. 3 yana zuwa 2. 6 yana zuwa 6, 20 yana zuwa 4, 7 yana zuwa 5. Ai na ji ana cewa dole 2 da 3 su sarƙe, to ga shi sun sarƙe. Me ya rage?

Injiniyan Kakuri: Nan ne mutane da yawa suke faɗawa. Wannan kebul ɗin modem ne ka sayo, kuma bakinsa yana shiga Fanuc daidai, shi ya sa yake ruɗar mutane.

Maganar "2 da 3 su sarƙe" gaskiya ce idan bakunan biyu iri ɗaya ne, 25 da 25 ko 9 da 9. Amma a baki 25, fil na 2 shi ne mai aikawa, 3 mai karɓa. A baki 9 na kwamfuta abin a juye yake: 2 mai karɓa, 3 mai aikawa. Kebul ɗinka ya haɗa mai aikawar inji da mai aikawar kwamfuta, mai karɓa da mai karɓa. Fil na 6 kuma ya haɗu da 6, dukkansu masu sauraro ne, babu mai ba ɗaya wuta. Ga 086 ɗinka.

Haɗa naka da kanka. Baki 25 namiji a gefen inji, baki 9 mace a gefen kwamfuta:

2 na inji zuwa 2 na kwamfuta
3 na inji zuwa 3 na kwamfuta
7 na inji zuwa 5 na kwamfuta

A cikin bakin inji ka gada 4 da 5 da ɗan guntun waya, sannan ka gada 6 da 8 da 20 wuri ɗaya. Fil na 20 shi injin yake kunnawa idan zai yi magana, gadar ce take mayar masa da wutar zuwa 6 da 8. A bakin kwamfuta ka gada 7 da 8, sannan 1 da 4 da 6.

Baban Panteka: Yaro, ka saurare ni da kyau a kan abu ɗaya da Injiniya bai ambata ba. Fil na 25 a bakin Fanuc akwai wuta bolt 24 a kansa. An sa ta ne don ciyar da na'urorin Fanuc na da, irin Handy File. Idan dalma ta zubo ta taɓa shi, ko ka sa kebul mai cikakkun wayoyi 25 da ba ka san inda suka nufa ba, za ka ƙone bakin kwamfuta ko fis ɗin inji, wani lokacin duka biyun. Idan bakin da ka saya mai cirewa ne, zare fil na 25 ka jefar. Kuma kada ka cusa ko ka zare kebul inji yana kunne.

Lambobin fil suna rubuce a jikin robar bakin, ƙanana ne ƙwarai. Ka haska da fitilar waya. Gefen da ake liƙa dalma lissafinsa a juye yake da gefen gaba, kada ka ƙirga da ka.

Tanan Sharaɗa: Na gode Baba, na gode Injiniya. Zan haɗa shi da yamma in an tashi aiki.

Ɗalibin Poli: Don Allah tambaya, ina koyo ne. Idan mutum ya je wurin injin da ba shi da littafi, ba Fanuc ba, yaya zai gane wane fil ne mai aikawa?

Injiniyan Kakuri: Da mita. A ƙa'idar RS-232, layin aikawa idan yana zaune ba ya aika komai, wutarsa a ƙasan sifili take. Sa mita a DC, baƙar waya a fil na 7, ja a fil na 2, sannan a 3. Wanda ya nuna maka abu kamar -5 zuwa -12 shi ne mai aikawa. Mai karɓa zai nuna kusan sifili. Ƙa'idar ta ce daga bolt 3 zuwa 15, sama ko ƙasa, shi ne sigina. Abin da ke tsakanin -3 da +3 ba a ɗauke shi komai ba. Wasu injinan sai ka danna READ ko PUNCH kafin su kunna bakin, to ka auna a lokacin. Idan 2 da 3 duka sun tsaya a sifili ko a lokacin, a nan ne za a fara maganar ƙonewar bod, ba kafin nan ba.

Tanan Sharaɗa: Alhamdu lillahi 086 ya tafi. Na danna PUNCH, rubutu ya fito a laftof. Amma rabi daidai ne rabi shirme. Farkon layi maimakon % sai wata alama kamar Y mai layi biyu, ¥. Inda O ya kamata ya fito sai Ï. Harafin G yana fitowa daidai, 0 ma daidai, amma 1 ya koma ±, X ya koma Ø. Baud ne bai yi daidai ba?

Ɗan Bompai: Sauke baud zuwa 4800 ka gani.

Mai Wayarin Zariya: A'a Ɗan Bompai, baud ɗinsa daidai yake. Da baud ne ya saɓa, babu harafin da zai fito daidai, duka za su zama tarkace. Tunda G da 0 suna fitowa lafiya kullum, kuma kullum % ne ke zama ¥, laftof ɗinsa tana kan bit 8 babu fariti.

Fanuc yana aika haruffa da tsarin ISO: bit 7 na harafi, na takwas kuma na tantancewa ne, shi ne fariti, yana cika adadin ɗaya-ɗaya ya zama cika ba mara ba. Harafin G yana da ɗaya guda huɗu a lambarsa, ba a ƙara masa komai, sai ya fito daidai. X yana da uku, sai a ƙara masa na huɗu a sama, lambarsa ta tashi daga 58 zuwa D8 a lissafin heks. Kwamfutar da aka ce mata duka takwas ɗin harafi ne sai ta nuna Ø.

Malam Tana, a manhajarka ka sa data 7, fariti Even, stop 2, sannan flow control ka zaɓi XON/XOFF, wato tsarin da inji yake cewa ci gaba ko dakata. Ka tabbata faramitocin inji sun dace da haka. Turo mana 0000, 0020, 0101, 0102 da 0103.

Tanan Sharaɗa: 0000 = 00000010. 0020 = 0. 0101 = 10000001. 0102 = 0. 0103 = 11.

Mai Wayarin Zariya: To injinka babu abin da za a taɓa masa. ISO a kunne, TV check a kashe, stop 2, na'ura lamba 0 wato mai amfani da lambobin DC1 zuwa DC4 (DC1 ci gaba ke nan, wato XON; DC3 dakata, wato XOFF), sannan 11 tana nufin 9600. Da 10 ce, 4800 ke nan; 12 kuma 19200. Laftof kawai za ka gyara.

Baban Panteka: Na ji daɗi da ba a taɓa faramita ba. Abin da yake ba ni tsoro da yaran yanzu shi ne, alam ɗaya ya fito sai su buɗe PWE, makullin canza faramita, su fara juya lambobi har su manta yadda suka tarar da su. A 0000 ɗin nan kaɗai, bit na kusa da ISO shi ne ke zaɓar inci ko milimita. Yatsa ya zame sau ɗaya, ka shiga wani aikin daban.

Tunda PUNCH ya fara aiki, kafin ka tura wa injin komai, ka fara karɓo abin da ke cikinsa. EDIT, SYSTEM, PARAM, sai PUNCH. Ka karɓo faramita, ka karɓo ofset, ka karɓo furogiram duka da O-9999. Ka ajiye a wuri biyu. Injin hannu ne, ba ka san shekarun batirinsa ba, kuma ranar da batirin ya mutu inji yana kashe, wannan fayil ɗin shi ne zai tayar da shi.

Tanan Sharaɗa: An yi Baba. Na sa 7, Even, 2, rubutu ya fito tas. Na ajiye faramita a laftof da filash. Yanzu na juya, ina turawa daga laftof zuwa inji. Na danna READ da EXEC, LSK yana ƙiftawa a ƙasan allo, laftof ta ce ta gama turawa, amma injin yana nan yana jira.

Injiniyan Kakuri: Wa ka fara dannawa, inji ko laftof? Mai karɓa ne yake fara shiri. Idan manhajarka ba ta jiran DC1 daga inji, ka fara danna EXEC, LSK ya fito, sannan ka tura.

Idan ka yi haka bai canza ba, buɗe fayil ɗin. Layin farko % shi kaɗai, layi na biyu O da lamba huɗu, ƙarshe M30 sannan % a layinsa. LSK yana nufin injin yana zubar da duk abin da ya shigo har sai ya ga ƙarshen layi na farko. Da ya gani zai koma INPUT. Idan babu % na ƙarshe kuma, zai karɓa ya zauna yana jiran saura. Hanya mafi sauƙi: ɗauki furogiram ɗin da injin da kansa ya turo maka, canza masa lamba, ka mayar masa. Shi ya rubuta, ba zai ƙi shi ba. Kada ka gyara fayil da Word. Makullin kare furogiram kuma ya kasance a buɗe.

Tanan Sharaɗa: Laftof nake fara dannawa. Na juya tsarin, ya shiga. Ƙaramin furogiram ya shiga lafiya, na gwada guda uku. Allah ya saka da alheri. Gobe zan gwada babban ta DNC, wato inji yana yanka yana karɓar furogiram daga laftof kai tsaye.

Ɗan Bompai: Ni fa har yanzu ban ga dalilin wannan wahalar ba. 0i-MC yana da ramin kati a gefen allo. Sayi katin CF da adaftarsa, ka sa I/O CHANNEL a 4, ka kunna bit na 7 a faramita 0138, ka yi DNC daga kati kai tsaye. Babu kebul, babu laftof a cikin ƙura, babu alam 085 babu alam 087. RS-232 fasahar 1960 ce, me ya sa za mu riƙa fama da ita?

Tanan Sharaɗa: Oga na so haka, amma filolin cikin ramin a lanƙwashe suke, haka injin ya zo. Kati ba ya shiga.

Baban Panteka: Ɗan Bompai, maganarka gaskiya ce ga mai rami lafiyayye, ni ma kati zan ba shi shawara. Amma ka zagaya shagunanmu ka ƙirga injinan da suke da Fanuc 0M da 0T na da. Babu kati, babu USB, babu intanet. Wannan baki 25 ɗin shi ne ƙofarsu kaɗai. Yaron da bai iya shi ba, ranar da ya tsaya gaban irin wannan injin ba shi da abin yi. Gara ya koya yanzu.

Tanan Sharaɗa: Salam. Sabuwar matsala. Na sa inji a DNC, na danna cycle start, ya fara yanka lafiya. Bai daɗe ba ya tsaya da alam 087. Na sake daga farko, ya sake tsayawa, kusan wuri ɗaya, inda ya fara huda a hankali.

Mai Wayarin Zariya: Madalla, wannan alam ɗin yana faɗin kansa. 087 yana nufin injin ya ce "dakata", laftof ba ta dakata da wuri ba. Kamar ɗura mai a jarka da mazurari ne: idan mazurari ya cika aka ce ka tsaya, ka ƙara kwarara, sai ya zube. Lokacin da kake tura ƙananan furogiram zuwa ma'ajiya, injin yana haɗiyewa da sauri, bai cika buƙatar ya ce dakata ba. A DNC kuwa yana karɓa ne daidai da saurin yankansa. Da ya iso wurin huda a hankali sai wurin jiransa ya cika, ya aika DC3. Bayan DC3, Fanuc yana haƙuri da haruffa 10 ne kawai. Aka wuce haka, 087.

Yi lissafi. Kowane harafi bit 11 ne a saitinka: farawa 1, data 7, fariti 1, stop 2. A 9600 kana tura haruffa kusan 870 a daƙiƙa. Haruffa 10 ba su kai milisakan 12 ba. Wannan shi ne duk lokacin da laftof take da shi ta ji ta tsaya.

Shiga Device Manager, Ports, ka buɗe COM ɗinka, wato bakin da kebul yake, Port Settings, Advanced. Idan ka ga FIFO, wato ɗan wurin da haruffa suke jira kafin su fita, ja Transmit Buffer zuwa 1 ko ka cire alamar gaba ɗaya. FIFO ɗin bakin COM na asali yana riƙe haruffa 16, kuma abin da ya riga ya shiga cikinsa sai ya fita ko an ce dakata. 16 ya fi 10. Idan adaftarka mai cif ɗin FTDI ce, za ka ga Latency Timer a 16, mayar da shi 1. Wace adafta ce ma?

Tanan Sharaɗa: Babu suna a jikinta. Shuɗiya ce mai haske, ta araha. Na ja FIFO zuwa ƙasa, na sake kunna laftof, har yanzu 087.

Ɗan Bompai: Na faɗa tun farko, sauke zuwa 4800. Ni da shi nake aiki shekara da shekaru ban ga 087 ba.

Injiniyan Kakuri: 4800 zai iya ɓoye matsalar, amma ka tuna aikin mol ne. Layi irin X123.456Y78.901Z-12.345 da ƙarshensa haruffa 24 ne. A 9600 layi 36 ke nan a daƙiƙa. Idan kowane layi tafiyar milimita 0.1 ce, injin ba zai wuce milimita 220 a minti ba ko ka rubuta F2000. A 4800 rabin haka. Injin zai riƙa tafiya yana tsayawa yana jiran layi, kuma kowace tsayawa tana barin tabo a fuskar mol. Kai Ɗan Bompai aikin huda da fesin kake yi, layinka dogaye ne, shi ya sa 4800 ya ishe ka.

Tana, matsalarka adaftar ce. Da yawa daga cikin marasa suna ɗin nan cif ɗin jabu ne a ciki, suna tara haruffa su watso, ba sa jin XOFF a kan lokaci, wasu ma wutar da suke fitarwa da ƙyar take haura bolt 5. Ko ka nemi mai FTDI ta gaske, ko kuma abin da na fi so: tsohuwar kwamfutar tebur mai bakin COM a bayanta. Ba ta da tsada a wurin masu kayan hannu. Ka ajiye ta gefen inji, ba ta da wani aiki sai wannan. Ka kashe mata barci da sabunta kai, domin kwamfutar da ta yi barci a tsakiyar DNC ta tsayar da aiki ke nan.

Ɗalibin Poli: Injiniya, me zai hana a cire gadar 4 da 5 a ja su zuwa kwamfuta, a yi amfani da RTS da CTS, wato a ce dakata ta waɗannan wayoyin maimakon ta harafi? A makaranta an ce ya fi XON/XOFF sauri.

Injiniyan Kakuri: A ƙa'ida haka ne, kuma akwai masu haɗa kebul ɗinsu haka yana musu aiki. Amma injinsa yana kan 0102 = 0, da DC1 da DC3 yake magana. Idan ya canza kebul da faramita da manhaja lokaci ɗaya, abin ya ƙi, ba zai san wanne ne ba. Adaftar da ba ta jin XOFF kuma ban yarda za ta ji CTS da wuri ba. Abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Mai Wayarin Zariya: Ƙari kaɗan ga masu karantawa. Idan kwamfuta tana kan bit 8 babu fariti, DC3 ɗin Fanuc yana iso mata a matsayin 93 maimakon 13 a lissafin heks, ba za ta gane shi a matsayin dakata ba sam. Duk wanda ya ga 087, ya fara tabbatar da 7 da Even a manhajar da take turawa, ba a Device Manager kaɗai ba, domin manhajar tana da nata saitin kuma shi ne ke aiki.

Tanan Sharaɗa: Maigida ya kawo tsohuwar kwamfutar ofis, tana da COM. Na ja FIFO zuwa 1. 087 ya tafi gaba ɗaya, rofin, wato yankan farko, ya ƙare lafiya. Amma a finishin, yankan ƙarshe, sai 085 yake fitowa, ba wuri ɗaya ba. Wani lokacin ya yi nisa, wani lokacin da wuri. Ban canza komai ba wallahi.

Baban Panteka: Ina ka ajiye kwamfutar? Tsawon kebul nawa? Wace irin waya ce, kuma ta ina ta bi?

Tanan Sharaɗa: Tana ofis saboda ƙura. Na ƙara tsawon kebul da wayar netwok, zai kai mita 25. Na bi da ita ta cikin tiren da manyan wayoyin wuta suke, don kada a taka.

Baban Panteka: To ga shi nan. 085 yana nufin harafi ya iso a lalace. Idan daga harafin farko yake fitowa kullum, saiti ne. Idan yana zuwa yana tafiya, hayaniyar wuta ce ke shiga waya. Kai ka kwantar da siginar bolt 10 a gefen wayar da ke ɗauke da fes uku, mita 25, babu rigar kariya. Abin da aka saba faɗa wa RS-232 mita 15 ne, shi ma da waya mai kyau.

Gwada ka gani da idonka. Ɗaga Z sama, cire M03, ka bar furogiram ya yi tafiya a iska sifindil a kashe. Sannan ka maimaita da sifindil a kunne. Ka lura ko ana walda a kusa lokacin da alam yake fitowa.

Mai Wayarin Zariya: Kafin ka sake cusa kebul ɗin ma, Malam Tana, yi wannan. Zare shi daga inji, sa mita a AC, ka auna tsakanin ƙarfen bakin kebul da jikin injin. Ya kamata ka ga kusan sifili. Shagunanmu da yawa soket ɗin ofis ba shi da wayar ƙasa, inji yana kan janareta, ofis yana kan wutar layi ko inbata. Idan haka ne, siririyar wayar fil na 7 ita kaɗai ce ta haɗa ƙasan biyun, duk bambancin wutar ta cikinta yake bi, ya ratsa bod ɗin Fanuc. Wannan shi ne yake ƙone cif ɗin aikawa da karɓa, irin 1488 da 1489 a tsofaffin bod. Cajar laftof mai ƙafa biyu ma tana iya nuna maka kusan bolt 100 a mita.

Tanan Sharaɗa: Na auna. Bolt 70 da wani abu tsakanin bakin kebul da jikin inji. Na buɗe soket ɗin ofis, babu wayar ƙasa kwata-kwata. Gwajin Baba kuma: sifindil a kashe ya yi tafiya har ƙarshe babu alam. Da na kunna shi, 085 ya dawo.

Mai Wayarin Zariya: Kada ka sake haɗa su a haka. Ka yi sa'a bod ɗin bai tafi ba. Dawo da kwamfutar gefen inji, ka sa ta a akwati mai tacewar iska saboda ƙurar hunturu. Wutarta ta fito daga allon da yake ciyar da injin, wayar ƙasansu ɗaya. Kebul gajere, mita 3 zuwa 5, mai rigar kariya, rigar a haɗa ta da fil na 1 ko ƙarfen baki a gefen inji kaɗai, gefen kwamfuta a bar ta a yanke. Kada ya bi kusa da wayar sifindil. Ka kira mai wayarin ya duba sandar ƙasan injin kanta, don na sha ganin inji an ja masa koriyar waya amma ba ta je ko'ina ba. Idan da hali, ka sa na'urar raba wuta ta RS-232 mai aiki da haske a tsakani, musamman kafin damina, domin tsawa tana bin dogon kebul.

Injiniyan Kakuri: Kuma kada wani ya ɗauki 085 mai zuwa yana tafiya a matsayin abin da za a danna RESET a ci gaba. Fariti bit ɗaya yake kamawa. Idan biyu suka juye a harafi ɗaya, zai wuce babu alam, ya zama wani harafin. Ka yi tunanin lamba ɗaya ta canza a Z a tsakiyar mol ɗin da aka kwana ana yanka. Ranar da 085 ya fito, godiya za ka yi, ka tsaya ka nemo dalili.

Tunda finishin ne, ka rage wa wayar kaya: cire lambobin N da sarari a fitarwar CAM, manhajar da take rubuta furogiram, ka kunna mayar da ƙananan layuka zuwa G02 da G03 inda zai yiwu. Da gajeren kebul mai kyau za ka iya gwada 0103 = 12, amma sai ka ga 9600 ya zauna tukuna.

Ɗan Bompai: Na yarda da maganar 4800, ban yi lissafin mol ba. Amma ka gyara ramin katin nan idan ka samu sarari. Ga masu injin Haas a cikinmu kuma, nasu yana Setting 11 zuwa 14 da 37, kuma suna da XMODEM, wanda yake sake tura abin da ya lalace da kansa. Da shi ana sa bit 8, babu fariti, stop 1.

Tanan Sharaɗa: 'Yan uwa, aiki ya fita. Kwamfuta tana gefen inji, kebul mita 4 mai riga, mai wayarin ya kafa sabuwar sandar ƙasa ya haɗa su biyun. Mita tana nuna ƙasa da bolt 1 yanzu. Finishin ya tafi daga farko har M30 a 9600 babu alam ko ɗaya, mai aiki ya zo ya karɓi mol ɗinsa. Maigida ya ce in miƙa gaisuwarsa ga Baba da Injiniya da Malam na Zariya. Na rubuta haɗin kebul da saitin a takarda na manna a cikin ƙofar kabinet. Saura na'urar raba wutar, mun ba da saƙo a kawo.

Tambaya ta ƙarshe: batirin da Baba ya ambata, inji yana kunne ake canza shi ko a kashe?

Baban Panteka: Kunna injin, ka danna emergency, ka canza yana kunne, ka kiyaye hannunka daga sauran abin da ke cikin kabinet. Ka duba lambar da ke jikin tsohon ka sayo irinsa. Idan injin yana da batirin enkoda daban a jikin amfilifaya, shi ma yana kunne ake canzawa, in ba haka ba sai ka sake saita zero na kowane aksis. Ka gaida maigidan naka.